Nazarin lamari: gyambon ciki a jikin dattijo mai shekara 72, da yadda ledar magungunansa ta zaɓa masa magani

Majinyacin namiji ne mai shekara 72, tsohon ɗan kasuwar hatsi wanda ya bar wa 'ya'yansa rumfa ya koma gida. Na sakaya sunansa da garinsu. Babban ɗansa ne ya kawo shi asibiti bayan jiri ya kwashe shi a ƙofar masallaci. Kusan wata uku ke nan yana fama da kasala da haki in ya ɗan yi tafiya, abinci kuma ya fita daga ransa. Da aka tambaye shi ciwon ciki, sai ya ce: "Likita, ba wani ciwo ba ne, olsa ta ce ta tashi. Yunwar kasuwa ce ta sa mini ita tun ina saurayi." Sai da aka yi masa tambaya kai tsaye game da bayan gida sannan ya ce kwana biyar ke nan yana fitowa baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, da wari marar daɗi. Bai faɗa wa kowa a gida ba. Dattijo ba ya zama da 'ya'yansa yana ba su labarin bayan gidansa, kuma likitan da bai tambaya ba ba zai ji ba.

Tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Bugun zuciyarsa 108 a minti ɗaya, awon jininsa kuma yana faɗuwa in ya miƙe tsaye. Nauyinsa kilo 62. Da aka danna saman cikinsa, zafin da ya ji kaɗan ne. Wannan ba ya kwantar da hankali ko kusa. A jikin tsofaffi gyambo yakan ci ya yi zurfi ba tare da wani zafin kirki ba, balle ga wanda ke shan maganin kashe raɗaɗi kullum. Sau da yawa zubar jini ko hudewar tumbi ce alamar farko.

Gwajin jini ya nuna himogulobin, wanda da shi ake gane ƙarancin jini, ya sauka zuwa 6.9, ƙwayoyin jinin kuma ƙanana ne, irin na wanda ya daɗe yana asarar jini kaɗan-kaɗan. Kiriyatinin, wanda da shi ake auna aikin ƙoda, ya kai 1.4.

Abin da ke cikin leda

Mun roƙi ɗan ya koma gida ya kwaso duk abin da Baba ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, kada ya bar komai. Ga abin da ya zo da shi: amlodifin na hawan jini, simbastatin na rage kitsen jini, gilibenkilamid na ciwon suga, da ƙaramin asfirin wanda wani ya ce masa yana "tsinka jini". Sannan diklofenak, wanda ya shekara biyu yana sha safe da yamma saboda ciwon gwiwa, da wasu ƙwayoyi na "haɗi" marasa suna a ƙulle cikin takarda. Akwai omefrazol da yake sha in ƙwannafi ya dame shi, da jar kanwa da yake jiƙawa ya sha. A ƙasan ledar kuma ga wani kwali fanko na maganin olsa na kwana bakwai, wanda ya sha bara bayan wani ɗakin gwaji ya ɗebi jininsa ya ce an ga Helicobacter pylori, ƙwayar cutar da ke jawo gyambon ciki. Kwalin na ɗauke da kilaritromaisin, wani maganin kashe bakteriya.

Ni a wurina wannan ledar ta fi kowane gwaji da muka yi muhimmanci. Ita ta nuna abin da ya jawo gyambon, ita kuma ta nuna magungunan da ba za a ba shi ba.

An dakatar da diklofenak da asfirin da haɗin nan da kanwa nan take. An sa masa ruwa, aka ƙara masa jini leda biyu, aka fara ba shi fantofrazol ta jijiya don rage tsamin ciki. Washegari aka zura masa na'urar leƙa ciki ta baki. An ga gyambo mai faɗin kusan santimita ɗaya da rabi a ƙasan tumbi, jinin ya riga ya tsaya. An gutsuro nama daga gefen gyambon da kuma wasu sassan tumbin.

Kuɗin leƙa ciki ba kaɗan ba ne, kuma ɗan ya tambaya ko ba za a iya ba da magani kawai ba. Ga matashi mai ƙwannafi, babu rama babu ƙarancin jini, ana iya gwada bayan gida ko numfashi a ba da magani ba tare da an leƙa ba. Amma wanda ya kai shekara 60 kuma ciwon ya zo masa sabo ko ya canza salo, ko wanda ke da rama, ko amai, ko wahalar haɗiya, ko ƙarancin jini, ko baƙin bayan gida, sai an leƙa. Ciwon dajin tumbi yana iya zuwa da kamannin gyambo sak, har ma ya lafa in an sha omefrazol, a ɗauka an warke alhali yana ci.

Gwajin gaggawa da aka yi wa naman a ɗakin leƙawa bai nuna ƙwayar cutar ba. Ba mu yarda da shi ba, domin zubar jini da shan maganin rage tsami duk suna sa gwajin ya kasa ganin ta ko da tana nan. Bayan kwanaki sakamakon duban nama a madubin ƙara girma ya fito: babu ciwon daji, akwai kumburi na tsawon lokaci, kuma ga Helicobacter pylori jingim.

Ƙwayar cutar

Helicobacter pylori bakteriya ce mai lanƙwasa da ke zaune cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi. Tana fitar da wani sinadari da ke mayar da yuriya ta zama amoniya, wadda ke kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita, shi ya sa take rayuwa a wurin da sauran ƙwayoyin cuta ba sa iyawa. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta, aka yi nasarar raino ta a ɗakin gwaji a 1982. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda cewa ita ke jawo gyambo, Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, tumbinsa ya kumbura. An ba su lambar Nobel a 2005. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji.

Yawanci tun ana yara ake kamuwa, a cikin gida, ta hanyar yawu ko gurɓataccen ruwa da abinci. Watau Baba ya fi shekara 60 yana ɗauke da ita, ga dukkan alamu. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya kiyasta kusan kashi 70 cikin ɗari na mutanen Afirka suna da ita, Najeriya kuma ta zo kan gaba da kusan kashi 88. Akasarinsu ba za su taɓa yin gyambo ba. A 1992 likita Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya yi rubutu yana mamakin yadda ƙwayar ta yi yawa a Afirka amma cututtukan da ake danganta mata ba su yi yawa haka ba. Daga baya wasu masu bincike sun ƙalubalanci wannan ra'ayi, suna cewa ƙarancin na'urar leƙa ciki da rashin rajistar masu ciwon daji suna ɓoye adadin gaske.

Abu biyu wannan yawa ya haifar a aikace. Gwajin jini na neman garkuwar da jiki ya yi wa ƙwayar ba shi da wani amfani sosai a nan: zai nuna "akwai" ga mafi yawan mutane, kuma zai ci gaba da nuna haka shekaru bayan an kashe ta. Sannan samun ƙwayar ba ya wanke sauran masu laifi. A jikin Baba, ita da diklofenak da asfirin ne suka haɗu, kuma an san haɗuwarsu na ninka haɗarin zubar jini. Yunwa dai ba ta haifar da gyambo, iyakarta ta sa wanda ke da shi ya ji shi.

Zaɓen magani

Nan ne aikin yake. Haɗin da aka fi sani, wanda kusan kowane kemis zai miƙo maka, shi ne mai rage tsami da amoksisilin da kilaritromaisin. Ga wannan dattijo, kilaritromaisin ya fita daga lissafi saboda dalilai da dama, kowanne kuma ya isa shi kaɗai.

Ya sha shi bara, ga kuma ƙwayar cutar nan da ranta. Ɗan ya ƙara da cewa lokacin korona Baba ya sha azitromaisin fiye da sau ɗaya, wanda danginsu ɗaya. Ƙwayar da ta tsira daga wannan dangi sau da yawa ta riga ta koyi jure masa. Matsalar ta kai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Helicobacter pylori mai bijire wa kilaritromaisin cikin jerin ƙwayoyin da ake matuƙar buƙatar sabon magani a kansu. Ƙa'idar da masana suka sabunta a Turai a 2022 ta ce kada a yi amfani da wancan haɗin mai uku a inda bijirewar ta wuce kashi 15 cikin ɗari, ko inda ba a san adadinta ba. Kwana bakwai ma ya yi kaɗan. Kwana 14 ake so yanzu.

Ko da ƙwayar ba ta bijire ba, kilaritromaisin yana toshe wani sinadarin hanta da ke narkar da magunguna da yawa, sai su taru a jini. In ya haɗu da simbastatin, tsoka na iya narkewa ta lalata ƙoda, kuma an hana haɗa su gaba ɗaya. In ya haɗu da amlodifin, jini na iya faɗuwa; wani bincike a kan tsofaffi a Kanada da aka wallafa a 2013 ya nuna ƙaruwar kwanciya asibiti saboda rauni a ƙoda. In ya haɗu da gilibenkilamid, suga na iya sauka ƙasa warwas. Yana kuma iya rikita bugun zuciya, abin da ya sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 game da ba da shi ga masu ciwon zuciya. Magunguna uku cikin ledar Baba suna karo da shi. Allah ne kawai ya kiyaye bara.

Lebofuloksasin ma, wani maganin kashe bakteriya, mun ajiye shi gefe. Ga wanda ya haura 60 yana ƙara haɗarin tsinkewar agarar dunduniya, yana iya kawo ruɗewa, yana kuma wasa da suga sama da ƙasa.

Saura haɗi mai huɗu: mai rage tsami, da bismut, da tetirasaikilin, wanda mutane ke kira ja da yalo, da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Shi ma yana da nasa sharuɗɗa. Tetirasaikilin da bismut duk ba a so a ba mai raunin ƙoda. Kuma a jikin tsoho lambar kiriyatinin kaɗai tana yaudara, domin tsokarsa ta ragu, sai an haɗa da shekaru da nauyi a lissafa. Ranar da ya zo, lissafin ya nuna ƙodarsa na tace kusan mililita 42 a minti ɗaya. Ba mu yi gaggawa ba. Ƙwayar da ta shekara 60 a ciki ba za ta yi wata sabuwar ɓarna cikin kwana goma ba, matuƙar ana rage tsami kuma an daina diklofenak. Bayan an mayar masa da ruwa da jini, kiriyatinin ya dawo 1.0, lissafin ya tashi zuwa kusan 59. Sannan muka fara. Da ƙodar ba ta farfaɗo ba, da mun koma ga haɗin da ya dogara kan amoksisilin, tunda bai taɓa samun matsala da dangin fenisilin ba.

Wani zai ce ai Flagyl ya riga ya lalace a ƙasar nan, kowa na shansa in cikinsa ya juya. Gaskiya ne, bijire masa ya yi yawa a Afirka. Amma in aka ba da shi da cikakken awo, na kwana 14, tare da bismut, haɗin yakan yi aiki duk da haka. Bismut ɗin ne ya ba da wahalar samu, sai da ɗan ya zaga manyan shagunan magani na birni.

Abin da aka rubuta: fantofrazol miligiram 40 sau biyu a rana, rabin sa'a kafin abinci; bismut 120 sau huɗu; tetirasaikilin 500 sau huɗu; metronidazol 400 sau huɗu. Da yake kafson tetirasaikilin na 250 ne, jimilla ƙwaya 18 ke nan a rana, ban da na hawan jini. An dakatar da gilibenkilamid, wanda dama bai dace da tsofaffi ba saboda yana daɗewa a jiki yana saukar da suga, balle ga mutumin da magani zai iya hana shi cin abinci. An riƙa auna sugansa a gida. Maganin ƙarin jini kuma an jinkirta shi har sai an gama.

Ƙwaya 18 a rana ga mutumin da idonsa ya yi rauni kuma ba ya karanta boko, rubuta takarda kawai ba ta isa ba. Mai harhaɗa magani ya ƙulla kowane shan a ƙaramar leda daban. An ɗaura lokutan a kan abin da Baba ba ya mantawa: karin kumallo bayan ya dawo daga Asuba, abincin rana bayan Azahar, tuwon dare bayan Magariba, sai na ƙarshe da ɗan abin taɓawa kafin ya kwanta. An ce ya haɗiye su yana zaune da cikakken kofin ruwa, kada ya kishingiɗa nan da nan, domin ja da yalo na iya maƙalewa ya ƙona maƙoshi.

Abu biyu ne suka fi yi masa nauyi. Na farko fura da nono, wadda yake sha kullum da rana, har yana ganin ita ke kwantar masa da olsa. Nono da madara da kindirmo suna kama tetirasaikilin su hana shi aiki, haka ma maganin ƙarin jini da farin ruwan maganin ƙwannafi. Da shan magani sau huɗu a rana, samun tazarar sa'a biyu gaba da baya abu ne mai wuya, saboda haka muka ce ya haƙura da nono na mako biyu, ya koma kunu. Na biyu azumin Litinin da Alhamis, wanda ya daɗe bai bari ba. Na ce masa: "Baba, wannan nafila ce, ko na farilla ma Allah ya yi wa marar lafiya rangwame. Ku ba mu mako biyu." Ya yi shiru, sannan ya ce to. Da ya faɗo cikin Ramadan ma haka za mu ce, domin mai gyambon da ya zubar da jini kwanan nan ba ya cikin masu azumi.

Kwana na huɗu

An gaya wa babban ɗan cewa bismut zai mayar da bayan gida baƙi, har harshe ma yana iya yin baƙi. Amma tafiya ta kama shi, ya bar maganin a hannun ƙanwarsa bai isar mata da wannan ba. Ranar ta huɗu Baba ya ga baƙin bayan gida, ya ɗauka jinin ne ya dawo. Wannan karon ya faɗa. 'Yar ta tsayar da maganin, aka tsallake sha biyu, suka taho asibiti.

Zuwan nasu daidai ne, kuma mun gaya musu haka. A mutumin da ya zubar da jini kwanan nan, ba a zama a gida ana ƙiyasi. Bugun zuciyarsa 78, jininsa bai faɗi ba da ya miƙe, babu jiri, himogulobin yana 9.1 kamar yadda aka sallame shi. Bayan gidan baƙi ne amma a daskare, babu danƙo, babu wancan warin. Na bismut ne. Aka ci gaba da magani a ranar, aka ƙara masa abin da ya tsallake a ƙarshe. An sake zama da 'yar da mahaifiyarta aka yi musu bayani tun daga farko, da alamomin da in an gani za a taho ko tsakar dare ne: jiri, aman jini, bayan gida mai danƙo, ruɗewa, ko gudawa mai ruwa sau uku ko fiye a rana. Ita wannan gudawar a jikin tsoho mai shan maganin kashe bakteriya da mai rage tsami ba abin rainawa ba ce, tana iya zama wata bakteriya ce ta mamaye hanji, kuma ba a tsayar da ita da maganin kemis.

Sauran kwanakin ya yi ƙorafin ɗacin baki irin na Flagyl da tashin zuciya. Ya rage cin abinci na 'yan kwanaki, sugansa ya sauka amma bai kai ga haɗari ba. Da yana kan gilibenkilamid, labarin zai iya bambanta. Ya kammala.

Bayan magani

Jin sauƙi ba shaidar mutuwar ƙwayar ba ce. Maganin rage tsami kaɗai yana kawo sauƙi. Wannan ne kuskuren bara: ya sha, ya ji daɗi, babu wanda ya sake dubawa. Ƙa'ida ita ce a gwada bayan aƙalla mako huɗu da gama maganin kashe bakteriya, kuma mako biyu da daina mai rage tsami, ta bayan gida ko ta numfashi, ba ta jini ba.

Ya ci gaba da fantofrazol sau ɗaya a rana har mako na takwas don gyambon ya rufe, ya fara maganin ƙarin jini, aka sa shi kan metfomin kaɗan saboda suga. An dakatar da fantofrazol mako biyu, a mako na goma aka gwada bayan gida: babu ƙwayar. An sake leƙa tumbin, kamar yadda ake yi wa gyambon tumbi don a tabbatar ya warke kuma babu dajin da ya ɓuya. Ya warke, sai tabo. Himogulobin ya kai 11.8.

Asfirin bai dawo ba, domin bai taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, kuma a shekarunsa haɗarin zubar jini ya rinjayi amfanin. Da yana da ɗaya daga cikin waɗannan, da an mayar masa cikin 'yan kwanaki bayan jinin ya tsaya, tare da mai rage tsami na dindindin.

Gwiwar ce ta rage, kuma ita na fi jin tsoro, domin ita za ta iya mayar da shi kemis. Kashe ƙwayar cutar ba ya kare tumbi daga diklofenak. An ba shi farasitamol a kan awo, da maganin shafawa a gwiwa wanda kaɗan ne ke shiga jini, da sanda, aka tura shi wurin masu gashi da motsa gaɓoɓi. Yana sallah a kan kujera ranar da ciwon ya tsananta. An rubuta a kati sunayen magungunan da ba zai sha ba, diklofenak da ibufurofen da firoksikam da duk wani haɗi marar suna, aka ba 'ya'yan su nuna wa duk mai kemis. Matarsa, wadda ita ma ta daɗe da ƙwannafi, an gwada bayan gidanta aka samu ƙwayar, kuma kafin a rubuta mata komai an ce ta zo da tata ledar. Shi kuma an ba shi ranar dawowa bayan wata uku don auna jini da ƙoda.